Sulken da Ido Ba Ya Gani: Masu Kula da Na'urorin Kare Jirgin Yaƙi

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

 Ina miƙa gaisuwa ga mutanen Rano, garin Autan Bawo, da na Rurum, da na Kibiya da Tarai, da duk wanda ya rataye rediyonsa a reshen ɗorawa yana aikin gona, da iyayenmu mata da ke saurare daga tsakar gida.

Wani lokaci da hantsi sai ka ji ƙara ta tsaga sama, yara su fito a guje suna nuni, kafin ka ɗaga kai jirgin ya yi nisa. Ba abin mamaki ba ne a ƙasar Kano. Tun cikin watan Nuwamban 1925 jirgin sama ya fara sauka a nan, lokacin da jiragen sojan Ingila guda uku suka taso daga Masar suka sauka a filin sukuwa. Kuma a Kano ne rundunar sojin sama take da makarantarta ta koyon tuƙi mai lamba 403, inda ake horar da matasa a kan jiragen L-39. Idan jirgi ya wuce, hirar da ake yi ta matuƙi ce. Ni kuwa yau ina so mu sauko ƙasa, mu je wurin mutanen da ke durƙushe a ƙarƙashin fiffike tun kafin asuba, waɗanda aikinsu shi ne tabbatar da cewa matuƙin nan zai dawo gida.

Bari in fara da sunan garin Kibiya, domin kalmar ta ɗauko rabin zancenmu. Tun da ɗan Adam ya ƙera kibiya yake neman abin da zai tare ta. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya kawo lifidi da sulke da kwalkwali cikin kayan yaƙin Kano. Har gobe muna ganinsu a hawan Salla. Wanda ya taɓa riƙa sulke a hannu ya san ƙananan zobba ne na ƙarfe, dubbai, aka sarƙa su ɗaya cikin ɗaya. Mai kula da shi sai ya shimfiɗa shi, ya bi shi da yatsa zobe bayan zobe, ya kankare tsatsa, ya shafa mai. Zoben da ya ɓalle bai kai ƙwayar gyaɗa ba, amma ta nan kibiya za ta shiga, kuma jarumin da ya sa rigar ba zai sani ba sai ya ji ta a haƙarƙarinsa.

Kibiyar yau ita ce makami mai linzami, kuma tana da ido. Wata tana bin jirgi ne da taimakon rada, wata kuma tana bin zafin da ke fita daga injinsa. Sulken da ake tare su da shi, na'urori ne da ke aiki da irin zangon da kuke kama muryata da shi yanzu. Wannan fanni shi ake kira yaƙin laturoni.

Mece ce rada? Ɗan Rurum ko ɗan Kibiya da ya taɓa kiwo a gindin duwatsu ya riga ya san ta. Ka tsaya ka ƙwala kira, dutse ya maido maka da muryarka. Idan dutsen yana kusa, amsa-kuwwar ta dawo nan take, idan yana nesa ta ɗan jinkirta. Rada haka take, sai dai maimakon murya tana aika igiyar rediyo, wadda ke gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Igiyar ta bugi jikin jirgi ta dawo, na'ura ta lissafa nisansa da inda ya dosa, sai a saki makami.

To ga inda jirgi yake da sa'a. Ku tuna maharbin dare mai fitila a goshi. Zomo yana hango hasken fitilar tun daga nesa, tun kafin maharbi ya ga ƙyallin idonsa, domin hasken sai ya je ya dawo kafin maharbi ya gani, shi kuwa zomo zuwan kawai yake buƙata. Saboda haka ake dasa wa jirgin yaƙi ƙananan eriyoyi a hanci da wutsiya da bakin fikafikai, a haɗa su da wata na'ura da ba ta da aiki sai sauraro. Da zarar radar abokin gaba ta haska jirgin, sai na'urar ta yi ƙara a kunnen matuƙi, ta kuma nuna masa a ɗan allo ta wace kusurwa ake leƙensa. Akwai ta biyu, wadda ke mayar da martani. Dattawan da suka saba kama gajeren zango sun san yadda wata tasha mai ƙarfi ke hawa kan wata har ka kasa jin komai sai shuu. Haka wannan na'ura ke yi wa radar maƙiyi da gangan, ta cika mata kunne da hayaniya, ko ta maido mata da amsa-kuwwar ƙarya, ta ga jirgi a inda babu jirgi.

Sai kuma abubuwa biyu da jirgi ke watsawa a bayansa. Na farko Turawa da kansu ƙaiƙayi suke ce masa, kuma sunan ya dace, domin kamar a masussuka ne idan mata na sheƙe dawa iska ta kwashi ƙaiƙayi ya turnuƙe wuri. Siraran zaruruwa ne masu rufin alminiyam, a watsa su su zama gajimare, rada ta rasa wanne ne jirgi. An fara amfani da shi sosai a daren 24 ga Yulin 1943, lokacin da jiragen Ingila kusan 800 suka kai wa birnin Hambag na Jamus hari, suna zubar da yankakkun takardun alminiyam irin na cikin kwalin sigari. Radar Jamusawa ta makance, jirage 12 kaɗai aka rasa a daren. Ba zan wuce wannan labari ban faɗi ɗaya gefen ba: hare-haren wannan makon sun hallaka mutane wajen 40,000 a birnin, akasarinsu fararen hula. Ilimin da ya ceci matuƙa shi ya buɗe ƙofar wannan musiba, kuma ya kamata mai koyon wannan sana'a ya san haka. Abu na biyu da jirgi ke watsawa kuwa dunƙulen wuta ne da ake harbawa daga jikin jirgi, yana ci da zafin da ya fi na injin, don makami mai bin zafi ya saki jirgin ya bi shi. Akwai irin makamin nan da mutum ɗaya ke saɓa shi a kafaɗa. Da shi aka harbi wani jirgin dakon kaya na kamfanin DHL a Bagadaza a watan Nuwamban 2003, Allah Ya kiyaye matuƙansa suka sauka da shi fiffike na cin wuta. Kuma tun bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011 ƙasashen yankinmu ke fargabar bazuwar irinsa ta cikin Sahara.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan na'urorin da ke kare jirgin yaƙi, kuma mun iso kan abin da ya sa na ɗauko zancen.

Idan injin babur ɗinka ya samu matsala, shi zai faɗa maka. Zai yi tari, ya yi hayaƙi, ya ƙi tashi. Tayar da ta sace, ido na gani. Amma na'urar da aikinta shi ne ta yi ƙara ranar da aka auna ka, yaya za ka san ta mutu? Lafiyayya shiru take yi idan babu maƙiyi, matacciya ma shiru take yi. Jirgi zai iya tashi sau ɗari da kurmar na'ura, ya je ya dawo lafiya, kowa na murna, sai a tashi na ɗari da ɗaya a gane. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ban san wata sana'a da maganar nan ta hau kanta kamar wannan ba.

Na'urorin suna da dabarar gwada kansu. Ana kunna su, su bincika cikinsu, su nuna cewa lafiya lau. Sai dai akwatin yana iya zama lafiya alhali kunnensa a toshe. Tsakanin eriyar da ke wutsiya da akwatin da ke cikin jirgi akwai waya mai tsawon mitoci, da mahaɗai da yawa a hanya, irin mahaɗin da kuke murɗawa a bayan dikodar tauraron ɗan Adam. Jirgi na girgiza, yana juyi da ƙarfi, mahaɗi ya ɗan saki. Tsatsa ta kama wani. Wani makaniki da ya zo gyaran wani abu daban ya lanƙwasa waya fiye da kima. Saƙon ba ya yankewa gaba ɗaya, raguwa yake yi a hankali. Ga lissafin: idan ƙarfin saƙon da ke isa akwatin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, nisan da na'urar ke iya jiyo maƙiyi ya ragu da rabi. Wadda ke gargaɗi tun daga kilomita 100 ta koma 50. Jirgin da ke gudun kilomita 900 a awa yana cin kilomita 15 a minti ɗaya, ka ga an sace wa matuƙi sama da minti uku na shawara, shi kuwa allonsa na nuna masa komai daidai.

Shi ya sa masu wannan aiki ba sa yarda da shaidar da na'ura ta ba wa kanta. Sukan turo akwatin gwaji har gindin jirgi, su kifa wa kowace eriya wani murfi kamar hula, sa'an nan akwatin gwajin ya riƙa kwaikwayon muryar radar maƙiyi, a hankali a hankali, daga mai ƙarfi zuwa mai rauni. Mutum ɗaya na zaune a kujerar matuƙi da abin sauraro a kunne yana duban allo, ɗaya na ƙasa yana aikawa. An aika ta hagu, shin ta hagu ta fito? An aika raunanan saƙo, shin an ji? Idan an musanya wayoyi biyu wajen mayarwa, na'ura za ta ce maƙiyi na dama alhali yana hagu, matuƙi ya karkata ya faɗa bakin abin da yake gudu. Hular nan tana da wani amfanin kuma, tana hana saƙon fita sarari, domin akwai masu saurare daga nesa da ke son su san me jirginka ya sani. Manyan ƙasashe har ɗaki suke ginawa saboda wannan. A sansanin Edwards da ke jihar Kalifoniya ta Amurka akwai wani ƙaton ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da rufinsa da tsinin soso dubu ɗaruruwa masu shanye igiyar rediyo, ana shigar da jirgin yaƙi sukutum a rufe ƙofa, a yi masa ruwan muryoyin rada kamar yana fagen fama.

A irin wannan gwaji ne ake gano ko na'urorin jirgi ɗaya suna toshe wa juna kunne. Ranar 4 ga Mayun 1982, a yaƙin tsibiran Fokland, makami mai linzami na Ajantina ya bugi jirgin ruwan yaƙin Ingila mai suna Sheffield, mutum 20 suka mutu. Cikin abubuwan da bincike ya gano har da cewa a daidai lokacin jirgin na aika saƙo ta tauraron ɗan Adam, kuma wannan aikawar ta danne na'urarsa ta sauraro.

Akwai kuma lalacewar da babu abin da ya karye. Kowace rada tana da muryarta, kamar yadda kake kwance a ɗaki ka ji kiran salla ka san wane ladani ne. A cikin na'urar akwai kundin muryoyin da aka koya mata, wadda ba ta cikin kundin kuwa ko ta ji ba lalle ta gane ba. A yaƙin Oktoban 1973, Masar da Siriya sun fito da wani makamin Rasha da ake kira SA-6, wanda na'urorin gargaɗin jiragen Isra'ila ba su san muryarsa ba. Isra'ila ta rasa jirage wajen 100 a wannan yaƙi, da yawa a kwanakin farko. Saboda haka sabunta kundin nan yana cikin aikin kula da jirgi, kamar canjin mai. Kuma a nan ne nake da damuwa game da ƙasarmu. A 2021 Najeriya ta karɓi jiragen JF-17 guda uku daga Pakistan, da jiragen Super Tucano 12 ta hannun Amurka, Tucanon kuma aka ajiye su a Kainji. Sayen jirgi kuɗi ne. Amma duk ƙasar da ba ta da 'ya'yanta masu iya buɗe akwatin, su gwada, su gyara, su rubuta kundin muryoyin da kansu, to kullum tana jiran wani ya zo daga waje ya gaya mata ko sulkenta na da huji.

Kada kuma a ɗauka na'urorin nan maganin komai ne. Ranar 18 ga Yulin 2021 'yan bindiga sun harbo jirgin Alpha Jet na sojin samanmu a kan iyakar Zamfara da Kaduna. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya yi tsalle da lema, ya kuɓuta, ya kai kansa wurin sojoji. Harsashin bindiga ba shi da ido balle a yaudare shi, ba shi da rada balle a jiyo shi.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Yanzu bari mu zo kan yanayinmu, domin na'urorin nan a ƙasashen wasu aka ƙera su, a namu suke aiki. A bazara zafin Kano na haura digiri 40, jikin jirgin da ke tsaye a rana ba ya taɓuwa. Ya tashi, kowace kilomita ɗaya da ya hau zafi na raguwa da wajen digiri 6 da rabi, cikin 'yan mintuna ya shiga sanyin da ya wuce na ƙanƙara. Ƙarfe ya buɗe, ya tsuke, ya sake buɗewa, dalmar da ke riƙe da ƙananan ƙafafun kayan laturoni ta fara tsagewa. Da damina, jirgi ya sauko da sanyinsa cikin iska mai laima, raɓa ta kwanta a cikin mahaɗai kamar yadda take kwanciya a jikin kwalbar lemo mai sanyi. Da hunturu kuwa ƙura ce mai laushi kamar garin tuwo, tana toshe hanyoyin iskar da ke sanyaya akwatunan.

Hunturu na da wani sharrin. Kun san idan mutum ya tuɓe rigar sanyi cikin duhu yakan ji ƙas-ƙas, har ya ga ɗan tartsatsi. Wutar da ke taruwa a jikin mutum ke nan idan iska ta bushe. Mutum ba ya jin ta sai ta kai wajen bolt 3,000, alhali wadda ba ta kai 100 ba tana iya ƙona wasu ƙananan kayan laturoni, ko ta raunana su su mutu bayan wata biyu a sararin sama. Don haka ma'aikaci ba ya taɓa cikin akwati sai ya ɗaura wani abin hannu mai waya da ke zubar da wutar jikinsa a ƙasa. Kafin a loda dunƙulen wutar nan kuma, sai an auna kowane rami na mazubinsu a tabbatar babu wutar da ta ɓata hanya, domin idan ɗaya ya tashi a ƙasa, kusa da tankin mai, ba a magana. Kowane sifana da sukudireba yana da gurbinsa a akwatin kayan aiki, an gama aiki a ƙirga, idan ɗaya ya ɓace jirgi ba zai tashi ba sai an gan shi. A ƙarshe ma'aikaci ya sa hannu a littafin jirgi. Matuƙi ba shi da hanyar sake gwada abin da aka gwada, sa hannun nan kawai yake gani, ya hau. Wanda ya gaji ya tsallake mataki ɗaya ya sa hannu, babu mai kama shi a ranar, watakila har abada. Amana ce tsakaninsa da Allah, da ran ɗan wani a ciki.

Kwanakin baya na zauna a rumfar wani yaro mai gyaran waya a Rano, wayata ta daina kama sabis. Ya buɗe ta a kan ɗan ƙyalle, ya jera ƙananan kusoshi a murfin kwalba don kada su ɓace, ya ɗauko mita ya bi layi ɗaya bayan ɗaya, bai canja komai ba sai da ya gano inda abin yake: wata 'yar waya siririya kamar zaren ɗinki da ke zuwa eriya ta ɓalle daga mazauninta. Ya danna ta da bakin hantsaki, ya goge wurin da buroshi, bai miƙo mini ba sai da ya kira lambarsa da ita ya ji ta shiga. Ina kallonsa ina cewa a raina, wannan ai shi ne aikin, hannun ke nan, haƙurin ke nan. Abin da ya rage masa lissafi ne da kimiyyar lantarki da takarda.

Ƙannena na Rano da Kibiya da Bunkure, maza da mata, hanyar a buɗe take. A Kaduna rundunar sojin sama tana da cibiyar koyar da fasaha da ake kira AFIT, kuma tana ɗaukar fararen hula ta jarrabawar JAMB. Jami'ar Bayero da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil suna koyar da injiniyancin lantarki. Rundunar kuma takan buɗe ɗaukar sababbin ma'aikata ta shafinta na intanet, tana nanata cewa kyauta ne, don haka duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya sama muku gurbi, ɗan damfara ne. Iyaye, idan kun ga yaro na kwance tsohuwar rediyo yana haɗawa, kada a kore shi da tsawa, a duba makinsa na lissafi, a taimaka masa a nan.

Saƙo na ƙarshe ga manoma da makiyaya da 'yan jari-bola. Idan kun tsinci wani ƙarfe ko gwangwanin da ba ku san shi ba a gona ko a daji, musamman mai rubutu da lambobi a jiki, kada ku ɗauka, kada ku buga shi, kada ku jefa shi a wuta, kada yara su mai da shi abin wasa. Irin dunƙulen wutar da muka ambata idan ya kama, ruwa ba ya kashe shi, ƙara masa ƙarfi yake yi. Ku sa alama a wurin daga nesa, ku sanar da mai unguwa ko dagaci, su kai maganar ofishin 'yan sanda mafi kusa.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu, a huta lafiya. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)